Malam Bita da Ramukan Gwaggonsa

Duk wanda ya ce garinmu bai yi sa'ar manyan mutane ba, bai taɓa haɗuwa da Babban Jami'in Kula da Sauyin Yanayi da Wayar da Kan Manoma ba ne. Sunan muƙamin kaɗai sai mutum ya tsaya ya ja numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshensa. Mu da ba mu da dogon numfashi sai muka taƙaita, muke ce masa Malam Bita. Ba don raini ba. Tun da aka kafa ofishin gona a yankinmu ba a taɓa samun bawan Allah da ya halarci bita kamarsa ba. Ya je bitar fari. Ya je bitar ambaliya. Ya je bitar da aka shirya don gano abin da ya hana bitocin baya yin amfani. Kowace ya je sai ya dawo da sabuwar jaka, da 'yar ƙiba, da kati mai igiya irin wanda ake ratayawa a wuya. Katunan nan goma sha bakwai ne, suna rataye a ƙusa ɗaya a bayan kujerarsa, kuma idan baƙo ya shigo yakan ɗan karkatar da kai gefe don kada ya tare su.

Ofishinsa abin kallo ne. Akwai taswirar duniya a bango, an zagaye duk birnin da ya taɓa kwana a otal da jan biro. Akwai kuma ma'aunin ruwan sama, wani dogon kofi mai lambobi a jiki da hedikwata ta aiko a kafa a fili. Malam Bita mutum ne mai kishin kayan gwamnati. Ya ce ba zai bar abu mai daraja haka a waje ruwa yana dukansa ba. Ya ajiye shi a kan tebur yana zuba birorinsa a ciki. Shekara huɗu ke nan ma'aunin bai taɓa jiƙewa ba, kuma kowane wata rahoton ruwan sama yana isa hedikwata a kan lokaci.

Kada wani ya ɗauka ba ya zuwa gona. Yana zuwa, duk ranar Alhamis. Direba ya tsayar da mota a inda kwalta ta ƙare, Malam Bita ya sauke gilashi rabi, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce, "Akwai aiki a gabanmu." Sai a ɗaga gilashi a juya. Sau ɗaya ya taɓa sauka, ya tsaya a gonar dawa ya yi rabin awa yana yaba wa mai ita a kan kyan masararsa. Mai gonar mutum ne mai ladabi. Ya ce in ta nuna zai aiko masa ya ɗanɗana.

Shi kuwa yanayin da aka ɗora shi a kansa, gaskiya ne ya sauya, wannan ba sai an kwana a otal ake sani ba. A da tsofaffi kan dubi gabas su ce saura kwana kaza, kuma haka za a yi. Yanzu ruwa yakan sauko sau ɗaya, ya ruɗi mutane su zuba iri, sannan ya ɗauke ƙafa sati uku. In ya dawo kuma da fushi yake dawowa, ya juye na wata guda a yini ɗaya, ya kwashi ƙasar gona ya kai rafi. Ga saurin tafiya. Hatsi yana tsakiyar fitar da kai sai a nemi hadari a rasa.

Manoma, da yake jahilai ne ba su taɓa zuwa bita ba, sai suka shiga 'yan dabarunsu na ƙauye. Wani ya raba irinsa kashi uku, ba ya zuba shi duka a ruwan farko. Wani ya je garin surukansa ya samo gero mai saurin nuna. Wani ya jera duwatsu a gicciye a gonarsa mai gangare don ruwa ya rage gudu. Wasu suka daina sare tohon da ke fitowa a kututture, suna gyara shi ya zama bishiya, ta ba da ganye, ta tare iska. Duk wannan ba da izinin ofis ba. Abin ya dami Malam Bita ƙwarai, don babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya ga mutum yana jure wa sauyin yanayi ba tare da an wayar masa da kai ba.

Saboda haka, ana saura wata guda damina, ya tara mu a rumfar kwano da ke harabar ofis. Ya fito cikin farar riga mai guga, da tabarau, da kati uku a wuya, don ranar babba ce.

"Jama'a," in ji shi, "na zagaya duniya a kan maganar nan. Na zauna da masana waɗanda ko gaisuwa ba sa yi sai da alƙaluma. Abin da muka gano shi ne, matsalarku ba ruwa ba ne. Matsalarku rashin tsari ne. Wannan ya yi shuka Litinin, wancan Alhamis, wani ya ce sai ya ji ƙanshin ƙasa. Ta yaya damina za ta san wanda za ta bi? Daga bana an daina. Na fitar da Jadawalin Shuka na Zamani. Ranar sha biyar ga watan shida, ƙarfe bakwai na safe, kowa zai zuba irinsa gaba ɗaya. Wanda ya bi, ofis zai ba shi ingantaccen iri. Wanda ya ƙi, tarihi zai hukunta shi."

Sai wani dattijo da muke kira Baba Mai Jaki ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mu mun ji, mun kuma gode. Shi hadarin an aika masa da takardar?"

Malam Bita ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce tambaya ce mai muhimmanci, kuma za a duba ta a bita ta gaba.

Kowane babban mutum da abin da ke hana shi sakewa. Na Malam Bita gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi tun yana wata bakwai da mahaifiyarsa ta rasu, har yau kuma ba ta kiransa da komai sai Na Goye. Mijinta ya rasu ya bar mata wani fako a bayan gari, ƙasa mai tauri kamar daɓen siminti, wadda ko ciyawa ta yafe. Da aka zo rabon gado kowa ya kauce wa wurin, shi ya sa ya zama nata. Shekara uku ke nan duk rani Gwaggo tana fita da sassafe da fartanya da kwando. Ta haƙa rami, faɗinsa kamar faranti, zurfinsa tsawon tafin hannu, ta tara ƙasar ta wajen gangare, ta zuba kashin awaki cikin tafi biyu, ta matsa taku ɗaya ta haƙa wani. Ramuka ɗaruruwa. Ta ji dabarar ne a bakin wata mata da suka haɗu a layin asibiti, ta dawo ta gwada, shekarar farko maƙwabta suna cewa mutuwar miji ta taɓa ta.

Ya same ta a gonar wata ranar Laraba, ya tsaya daga bakin hanya don kada takalminsa ya yi ƙura.

"Gwaggo, kina zubar mini da mutunci. Ni ne Babban Jami'in yankin nan gaba ɗaya. Mutane su wuce su ga wadda ta raine ni tana tonon ramuka kamar gafiya? Wannan abin babu shi a kowace takarda. Babu ƙasar da na je na ga ana yi. Ki bari in turo tarakta ta baje wurin nan, ki shiga jadawali kamar kowa."

Gwaggo ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Na Goye, ka rame. Matarka tana ba ka abinci kuwa?"

Malam Bita, wanda maɓallin rigarsa na tsakiya ke neman agaji, ya juya ya koma mota.

Don ya nuna wa duniya yadda ake noma, sai ya buɗe Gonar Gwaji a bakin babban titi, inda duk motar da ta wuce za ta gani. Akwai bishiyoyi tara a filin. Ya sa aka sare su, saboda suna tare allon sanarwa. Allon ya fi ƙofar gareji girma, da hoton Malam Bita yana nuna sama da yatsa kamar mai ba gajimare umarni. Tarakta ta zo ta kwantar da ƙasar sumul, ba kututture, ba dutse, ba ko tsinke.

Ranar sha uku ga wata aka yi ruwa mai kyau. Malam Bita ya zagaya gari a mota yana karɓar gaisuwa. Ya ce wa direbansa ko sama ta fahimci tsarin, ta ma zo kwana biyu kafin lokaci don girmamawa. Ranar sha biyar, ƙarfe bakwai, ya busa usur da bakinsa, aka shuka Gonar Gwaji. Gidaje goma sha ɗaya, waɗanda yunwar bara ta sa suka cinye irinsu, suka karɓi na ofis, suka zuba shi duka a rana ɗaya kamar yadda sharaɗi ya ce.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana ashirin da huɗu ko ɗigo. Shuka ta fito, ta yi kore na 'yan kwanaki, ta lanƙwashe, ta koma kamar zaren buhu. Mutanen gidaje goma sha ɗayan nan suka riƙa zuwa ofis suna zama a baranda, su dai a ga fuskarsu. Cikinsu akwai mai 'ya'ya takwas. Malam Bita ya tausaya musu matuƙa. Ya sa aka raba musu takarda mai hoto da ke bayanin ma'anar juriya, sannan ya tafi bitar kwana biyar a kan yadda ake sauraron koken manoma.

Kafin ya dawo Gwaggo ta kwance ƙullin irin da ta ɓoye na shuka ta uku. Baba Mai Jaki ya kwance nasa, wasu ma suka kawo abin da ya samu. Aka auna wa gidajen nan da gwangwani, kowa ya sami abin sake shuka. Ba a ɗauki hoto ba, saboda haka a hukumance abin bai faru ba.

Ruwan da ya dawo da rana tsaka ya zo, ya yi awa huɗu yana zuba. A gonar Gwaggo kowane rami ya cika, ya riƙe nasa, ya shanye a hankali. Geronta, da ya yi kwanakin farin nan yana lafe a cikin ramuka da ɗan danshinsa, ya miƙe. A Gonar Gwaji kuwa ruwan bai sami abin da zai tsaya su gaisa ba. Ya kwashi ƙasar, da takin zamani, da ragowar shukar, ya shimfiɗa su a kan titi, har sai da aka kira masu shebur kafin motoci su wuce. Allo kaɗai ya tsira, da Malam Bita a jikinsa yana nuna wa jama'a inda matsalar ta fito.

A rahotonsa na wannan wata ya rubuta cewa shirin yana tafiya yadda aka tsara, sai dai an sami ƙarancin haɗin kai daga ɓangaren sama.

Hatsi ya fara fitar da kai ke nan sai ga takarda daga hedikwata: tawaga tana zuwa ranar Talata ta ga Gonar Gwaji da idonta. Da ƙaramin mutum ne da ya firgita. Malam Bita bai firgita ba, zawo kawai ya yi na kwana biyu. A rana ta uku basira ta sauko masa. Ya tuna cewa shi da Gwaggo jini ɗaya ne, kuma abin da yake na gwaggon mutum, in an duba da kyau, na mutum ne. Ya tuna kuma a jawabansa ya sha ambaton kalmar ƙasa da kalmar ruwa, waɗanda su ne ginshiƙin abin da take yi. Ranar Litinin da hantsi ya sa direba da masinja suka tumɓuke allon, suka ɗaure a bayan mota, suka kafa shi a bakin gonar Gwaggo.

Ya je gidanta da kansa, har da durƙusawa, abin da gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa.

"Gwaggo, kin wahala da yawa bana. Gobe ki huta. Ga mota ta kai ki wurin 'yarki, ki ga jikoki, ki yini can."

"Allah ya yi maka albarka, Na Goye," in ji ta. "Tsuntsayen da ke cin geron su ma ka samo musu mota?"

Bai tsaya nazarin maganar ba. Ya ji albarka, ya ɗauka ta yarda.

Tawagar ta iso da motoci biyu. Shugabarsu wata mata ce mai ƙarancin magana, da takalmin roba da ya sha taɓo, abin da ya sa tun farko Malam Bita ya yi shakkar iliminta. Shi kuwa ya rataya katunan nan duka. Ya tsaya a gindin allo, gero a bayansa ya fi shi tsayi, wake ya shimfiɗu a tsakani, 'yan bishiyoyin da Gwaggo ta ƙi sarewa suna kaɗawa. Mu ma mun zo mun tsaya daga gefe, don irin wannan ba a bari a ba mutum labari.

"Manyan baƙi," ya fara, "abin da kuke gani sakamakon shekaru ne na nazari da rashin barci. Lokacin da na zo, wurin nan ko ƙadangare ba ya tsayawa. Na dubi ƙasa, na dubi sama, na haɗa da abin da na gani a ƙasashen waje, na ƙirƙiro wannan fasaha da na sa wa suna Tsarin Rami Mai Mataki Uku. Da farko manoma sun yi turjiya, kun san halin mutanenmu. Amma shugabanci haƙuri ne."

Matar ba ta tafa ba. Ta tsuguna, ta tura hannu a gindin wata shuka, ta damƙo ƙasa ta murza.

"Zurfin nawa kuke yi?"

"Ya danganta da yanayi."

"Yaushe kuke haƙawa?"

"Da zarar an kammala takardu."

"Me kuke zubawa a ciki?"

Malam Bita ya gyara tabarau. "Wasu sinadarai ne na musamman, waɗanda ba a cika bayyana su a fili ba."

"Kashin awaki ne, 'yar nan."

Daga cikin gero muryar ta fito. Gwaggo ta ratso, gwangwanin korar tsuntsaye a hannu, a kanta kwandon kashin da take tarawa na baɗi. Ta gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye su gajiyar hanya.

"Da rani ake haƙawa, tun ƙasa tana bushe," ta ce wa matar. "Ki zuba kashin, gara ta zo cinsa, ta huda ramin ta ƙasa. In ruwa ya zo sai ya bi hanyar garar ya sauka, ba ya gudu. Iri kuma kada ki zuba duka. Ruwan farko na yanzu maƙaryaci ne."

Malam Bita ya yi dariya irin ta manya. "Wannan ɗaya ce daga cikin ɗalibaina. Tana ƙoƙari, duk da shekarunta."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Tun yana wata bakwai nake ɗaukar karatu a wurinsa. Na Goye, riƙe mini kwandon nan in nuna wa baƙuwa can ƙasan gonar."

Ya karɓa. Ba yadda zai yi, idon tawaga yana kansa, kuma tun yana ƙarami bai taɓa iya ƙin wannan muryar ba. Awa biyu matar nan tana bin Gwaggo rami-rami, tana tambaya tana rubutawa a ɗan littafi. Ta kira Baba Mai Jaki ya yi mata bayanin jerin duwatsunsa. Ta nemi mutanen gidaje goma sha ɗayan nan ta ji ta bakinsu. Awa biyun nan Babban Jami'in Kula da Sauyin Yanayi da Wayar da Kan Manoma yana tsaye a rana cikin farar riga, rungume da sinadarai na musamman, ƙudaje suna kawo masa gaisuwa.

A hanyar komawa tawagar ta wuce wani fili fari fat a bakin titi, duk kwazazzabo, da ramuka biyu inda ƙafafun allo suka fita. Matar ta tambayi direban ofis gonar wane ne. Direba mai iyali ne. Ya ce shi baƙo ne a garin.

Muka ce shi ke nan, ta Malam Bita ta ƙare. Wannan ya nuna ba mu san gwamnati ba. Rahoton matar ya isa hedikwata yana cewa manoman yankinmu sun fi na ko'ina dabarar zama da sabon yanayi. Shafi arba'in ne, manya kuwa ba sa wuce shafin farko. A shafin farko akwai sunan yanki da sunan jami'in da ke kula da shi. Kafin a gama girbi takardar ƙarin girma ta iso. An ɗaga shi zuwa babban birni, Darakta.

Girbin bai kai na zamanin da ba, amma ya rufa asiri. Gwaggo ta cika rumbunta. Gidaje goma sha ɗayan nan sun sami abin da zai kai su rabin shekara, sauran rabin sai mazan sun fita neman aiki. Da rani ya shigo, in ka fita bayan gari da safe ƙarar fartanya za ka ji ta ko'ina, kowa yana huda fakonsa, Gwaggo tana bi tana cewa wannan ya yi zurfi, wancan ya yi kusa.

Ranar bankwana rumfar ofis ba ta ɗauki mutane ba. Ba a taɓa ganin taro irinsa ba. Daga ƙauyukan da ko sunansu bai sani ba mutane suka taho a ƙafa, wasu da tsofaffinsu a kan amalanke, kowa yana so ya tabbatar da idonsa. Malam Bita ya dubi jama'a, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ban san kuna ƙaunata haka ba," in ji shi. "Na same ku cikin duhu, na bar ku kuna haƙa rami. Na san tafiyata za ta yi muku ciwo. In na tuna yadda za ku fuskanci damina mai zuwa ba ni, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Saboda haka na yi magana da manya. Sun ce in har jama'ar yanki suka rubuta takarda, ko layi biyu ne, cewa ba za su iya ba sai da ni, za a bar ni a nan wasu shekara biyar. Ga takarda. Wa zai rubuta?"

Ya ɗaga farar takardar sama, ya juya dama, ya juya hagu.

A ranar ne aka gano cewa duk faɗin yankinmu babu wanda ya iya rubutu. Har shugaban makarantar firamare, mai shekara talatin yana koyarwa, ya ce shi dama lissafi ya karanta.